Tambaya da Amsa: Shigar Burtu da Soyayyar Ƙuruciya a Wasan Wanzamin Sebiya

Wasiƙun da suka taru a wannan karo galibinsu sun karkata ne ga abu guda, wato wasan kwaikwayon nan na Turai da ake rerawa da waƙa daga farko har ƙarshe, wanda ake kira opera, musamman reshensa na barkwanci inda saurayi ke ɓad da kama domin ya kai ga yarinyar da yake so. Na zaɓi guda biyar daga cikinsu, na kuma taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, kuma kwanakin baya na ci karo da wani bidiyo a intanet, inda wani mutum yake rera waƙa da sauri kamar harshensa zai karye, yana ta maimaita sunan Figaro. Na bi wasan har ƙarshe ta hanyar fassarar da ke ƙasan hoton, amma abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Saurayin da ke cikin labarin basarake ne mai dukiya, to me ya hana shi ya fito fili ya nemi auren yarinyar, maimakon ya yi ta sauya suna da tufafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wasan da kika kalla shi ne Wanzamin Sebiya, wanda Jowakino Rosini, mutumin Italiya, ya tsara wa kiɗa, Cezare Istarbini kuma ya rubuta baitocinsa bisa wani wasan kwaikwayo na Bafaranshen marubuci Bomarshe da aka fara nunawa a 1775. An fara gabatar da na Rosini a birnin Rum ranar 20 ga Fabrairu, 1816. Sebiya kuwa birni ne a kudancin Sifen, wanda masu bibiyar ƙwallon ƙafa suka sani da sunan Sevilla.

Domin amsar ta fito sosai, dole ne mu ɗan bi labarin. Basaraken, mai suna Almabiba, ya hangi Rosina a birnin Madrid, ya biyo sawunta har Sebiya, inda ya tarar tana hannun wani tsohon likita, Bartolo, wanda yake riƙon ta, yake kuma kulle ta a gida da nufin ya aure ta da kansa domin dukiyarta ta zauna a hannunsa. Da asuba basaraken ya tsaya ƙarƙashin tagarta da makaɗan haya, amma ba ta leƙo ba. A nan ya haɗu da tsohon baransa, Figaro, wanda yanzu ya zama wanzami, kuma shi ne mai aski, mai gyaran gashi, mai haɗa magani, har da duba dabbobi a gidan likitan, ta yadda babu ƙofar da take rufe gare shi. Da Rosina ta nemi sanin ko wane ne mai yi mata waƙa, sai basaraken ya ɗauki jita ya shaida mata cewa sunansa Lindoro, ba shi da dukiyar da zai ba ta, zuciya kawai yake da ita. Ya kuma gaya wa Figaro dalilinsa ƙarara: yana so ya tabbata cewa shi ɗin take so, sarauta da kuɗin Almabiba ba su da hannu a ciki. Wannan ita ce shigar burtu ta farko, kuma ita kaɗai ce aka yi domin Rosina. Sauran biyun an yi su ne domin tsohon da ke tsaron ƙofa, kuma da a ce basaraken ya zo da sunansa na gaskiya, da Bartolo ya gaggauta ɗaura auren a daren, domin tun farko sunan Almabiba ne yake hana shi barci.

A ta biyu, bisa shawarar Figaro, ya shigo a matsayin soja mashayi, riƙe da takardar umarnin a ba shi masauki a gidan. Bartolo ya fito da tasa takardar da ta keɓe shi daga saukar da sojoji, rigima ta kaure har masu tsaron gari suka iso, amma da shugabansu ya zo kama sojan, sai basaraken ya ja shi gefe ya nuna masa shaidar ko shi wane ne, nan take ya ja da baya yana sara masa. A ta uku ya dawo da shigar malamin kiɗa mai suna Alonso, yana cewa Basiliyo, malamin Rosina na ainihi, ba shi da lafiya, shi ya aiko shi. Domin tsohon ya yarda da shi, sai ya miƙa masa wasiƙar da Rosina ta rubuta wa Lindoro, ya ce za a iya amfani da ita a nuna wa yarinyar cewa yaudararta ake yi. Da wannan ya samu damar zama kusa da ita a matsayin mai koyar da waƙa, yayin da Figaro ya shafa wa Bartolo kumfa a fuska yana yi masa aski, bayan ya riga ya zare mabuɗin tagar bene daga cikin mabuɗan gidan.

A nan ne labarin ya yi juyin da, a ganina, shi ne ƙashin bayansa. Bartolo ya gano makircin, ya kori kowa, sannan ya ɗauko wasiƙar nan ya nuna wa Rosina, ya ce mata Lindoro ɗan aike ne kawai, shi da wanzamin sun shirya su miƙa ta ga wani basarake mai suna Almabiba. Yarinyar ta ga rubutun hannunta, zuciyarta ta karye, ta tona shirin gudun da aka yi da ita, ta kuma amince ta auri tsohon. Da tsakar dare, bayan hadari ya sauka, saurayin da Figaro suka hau tsani suka shigo ta taga, sai ta tare shi da fushi tana cewa ya ci amanarta, zai sayar da ita ga Almabiba. Ki lura da abin da ya faru: yarinyar da aka gaya wa cewa basarake ne ke nemanta ta ƙi basaraken saboda talakan da take so, alhali mutum ɗaya ne. Wannan fushin nata shi ne amsar da ya sha wahala yana nema, shi ya sa ya karɓe shi da murna, ya yaye mayafinsa ya bayyana mata sunansa. Daga nan abin da ya rage kaɗan ne. An janye tsanin domin a hana su gudu, magatakardan da Bartolo ya kira domin nasa auren ya iso kafin shi, aka ba Basiliyo zobe ya tsaya shaida, kuma lokacin da tsohon ya shigo da sojoji an riga an sa hannu, zuwansa ya zama ihu bayan hari.

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne da ya daɗe yana koyar da adabi. Ina ganin irin wannan labari raina hankalin mai kallo ne. Ta yaya mutum zai sauya hula da riga kawai, ya dawo gidan da aka kore shi ɗazu, a ce ba a gane shi ba?

Amsa: Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma duk mai koyar da adabi ya kamata ya yi ta. Sai dai ina roƙon ka sake duban Bartolo da kyau, domin ba wawa ba ne, kuma marubutan sun yi ƙoƙari su nuna mana haka. Akwai wurin da ya tsare Rosina da tambayoyi bayan ta aika da wasiƙarta a ɓoye. Ya kama hannunta ya ga tawada a yatsa, ta ce ƙuna ta yi, ta shafa tawadar a matsayin magani. Ya ƙirga takardun da ke kan tebur ya ce shida ya bari, yanzu biyar ne, ta ce ɗayar ta ƙunsa alewa da ita ta aika wa wata yarinya. Ya ɗaga alƙalami ya ga an fiƙe shi, ta ce fure ta zana domin ɗinkin ado. Bai yarda da ko ɗaya daga cikin amsoshin ba. Mutumin da ke ƙirga takardu a gidansa ba a shammatarsa da hula. Haka kuma a farkon kashi na biyu mun same shi yana cewa ya bincika a rundunar, babu wanda ya san sojan nan, yana kuma zargin Almabiba ne ya turo shi. Da Alonso ya shigo yana ta jera gaisuwar fatan zaman lafiya da farin ciki har ta gundure shi, sai ya ce a ransa wannan fuskar ba baƙuwa ba ce gare shi.

To me ya kayar da shi? Wasiƙar ce. Baƙon ya kawo masa abin da ransa ke muradi, wato makamin da zai raba Rosina da masoyinta, kuma daga lokacin da ya ga riba a tare da mutumin, sai ya daina tambayar kansa inda ya san fuskar. Kwaɗayi ne ya rufe masa ido, tufafin ba su yi komai ba sai ba shi hujjar da zai yaudari kansa da ita. Haka abin yake ga Basiliyo, wanda ya shigo lafiyarsa ƙalau a tsakiyar darasin, aka taru a kansa ana ce masa fuskarsa ta yi fari fat, zazzaɓi ne mai tsanani, ya koma gida ya kwanta. Ya san lafiyarsa lau, amma da aka danna masa jakar kuɗi a hannu sai ya amince ba shi da lafiya.

Akwai kuma batun gadon da wannan salo ya taso da shi. Tun a ƙarni na 16 akwai ƙungiyoyin 'yan wasa masu yawo gari gari a Italiya, waɗanda ke fitowa da sanannun halittu da kowa ya haddace: Fantalone, tsohon attajirin birnin Banis mai rowa, da Dottore, masanin birnin Bolonya mai yawan surutu, da barori masu wayo irin su Arlekino. Waɗannan duk suna rufe fuska, amma masoyan biyu su ne ake bari da fuskokinsu a buɗe. Daga wannan tushe ne opera ta barkwanci ta ɗebi mutanenta, kuma mai kallo na wancan zamani ya shigo ne da sanin cewa tsoho zai tsare ƙofa, bara zai nemo dabara, yara kuma za su yi nasara. Abin da ya biya kuɗi ya gani shi ne yadda za a yi. Daɗin irin wannan wasa yana cikin cewa kai da ke zaune ka san abin da na kan dandamali bai sani ba, saboda haka kowace kalma tana da ma'ana biyu, ɗaya ga wanda ake yi wa magana, ɗaya gare ka. Na yarda da kai cewa idan 'yan wasa suka mai da Bartolo sakarai, kamar yadda wasu ke yi domin neman dariya mai arha, wasan yakan zube, domin nasara a kan sakarai ba ta da armashi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni uwa ce mai 'ya'ya mata da suka tasa. Abin da ke damuna shi ne, a irin waɗannan wasanni kullum babba ne ake yi wa dariya, yaran da suka yi ƙarya kuma su ne ke cin riba. Shin wannan ba koya wa matasa raina manya da yaudara ba ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya miki su, ya kuma ba su abokan zama nagari. Damuwarki ta gaskiya ce, ba zan kuma rufe ki da cewa wasa ne kawai ba, domin abin da ake yi wa dariya yakan zauna a zuciya fiye da abin da aka yi wa huɗuba. Amma akwai abubuwa biyu da nake so ki auna.

Na farko, Bartolo ba mahaifin Rosina ba ne, amana aka ba shi, shi kuma ya mai da amanar hanyar cin dukiya. Tsufansa ba shi ne laifinsa ba. A ƙarshen wasan, da basaraken ya ce masa ba ya bukatar dukiyar yarinyar, ya riƙe abinsa, nan da nan fushinsa ya huce, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da yake so tun farko. Wasan yana tsaye ne a kan tambayar da kowace uwa ta san nauyinta, wato ko mai riƙon yarinya yana da ikon ya kulle ta ya zaɓa mata abin da zai amfane shi ba tare da ya ji ta bakinta ba.

Na biyu, ba daidai ba ne a ce ƙaryar ba ta da farashi a waɗannan labarai. Dabarar da Almabiba ya yi da wasiƙa ita ce ta kusa jefa Rosina cikin auren da take gudu, kuma ita ce ta sha zafin, shi bai ji komai ba. Wannan ya fi fitowa fili a wani wasa na ƙasar Cek, wanda Simetana ya tsara wa kiɗa aka fara nuna shi a birnin Firag a 1866, wanda za a iya kiran sa Amaryar da Aka Sayar. A cikinsa iyayen Marenka sun shirya aurar da ita ga ɗan wani mai gonaki da ake kira Mika, ita kuwa tana son Yenik, baƙon da ba wanda ya san asalinsa. Dillalin aure ya ba Yenik kuɗi gulden 300 domin ya janye, shi kuma ya karɓa bisa sharaɗin a rubuta cewa Marenka ba za ta auri kowa ba sai ɗan Mika. Mutanen ƙauye suka yi tir da shi. Abin da ba su sani ba shi ne, Yenik ɗin shi ne babban ɗan Mika na matarsa ta fari, wanda kishiyar uwa ta sa ya bar gida tun da daɗewa. Dabarar ta yi kyau a kan takarda, amma Simetana bai bar mu mu yi dariya kawai ba, sai da ya tsayar da Marenka ita kaɗai a kan dandamali tana kukan mafarkinta da ya rushe, kuma da Yenik ya zo zai yi mata bayani ta ƙi saurarensa. Duk wanda ya ji wannan waƙa zai fahimci cewa ɓoye gaskiya ga wanda ya amince da kai zalunci ne, ko da niyyarka kyakkyawa ce.

Sannan labarin Rosina bai ƙare a daren aurenta ba. Bomarshe ya rubuta ci gabansa, mai tsara kiɗa Mozat kuma ya mai da shi opera mai suna Auren Figaro, wadda aka fara nunawa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ranar 1 ga Mayu, 1786, shekara 30 kafin ta Rosini duk da cewa labarinta shi ne na baya. A can mun tarar da Rosina bayan 'yan shekaru, matar basarake, tana zaune ita kaɗai a ɗaki, mijin da ya hau tsani dominta yana bin mai yi mata hidima, Suzana. A wannan karo ita ce ta yi shigar burtu. Ta yi musayar tufafi da Suzana, ta tsaya cikin duhun lambu, mijinta ya zo ya riƙe hannunta yana yabon laushinsa, ya ba ta zobe, bai san matarsa yake zawarci ba. Da gaskiya ta bayyana ya durƙusa a gaban jama'a ya nemi gafara, ta kuma yafe masa cikin wata 'yar gajeruwar waƙa da ban taɓa jin ta ba tare da jikina ya yi sanyi ba. Shawarata ita ce, idan 'ya'yanki za su kalli na farkon, ki zauna tare da su, sannan ku kalli na biyun, ki tambaye su abin da suka fahimta game da saurayin da ya iya daɗin baki da sauya kama.

Tambaya: Malam, me ya sa sai an rera komai da waƙa? Akwai wuraren da mutum shida ko bakwai ke waƙa lokaci guda, kowa da nasa baiti, ba na jin ko kalma ɗaya.

Amsa: Ɗan'uwa, ba kunnenka ne ke da matsala ba, a irin waɗannan wurare ba a nufin ka tsinci kowace kalma. Opera ta barkwanci ta Italiya tana tafiya ne da ƙafa biyu. Akwai magana mai ɗan rauji da ake yi da sauri, da rakiyar abin kiɗa guda mai kama da fiyano, kuma a nan ne ake tura labari gaba. Sannan akwai waƙoƙi cikakku da dukan tawagar makaɗa, inda ake tsayawa a shiga zuciyar mutum. Amfanin da waƙa take da shi a labarin ɓad da kama shi ne tana iya yin abin da magana ba za ta iya ba. Idan mutum shida suka yi magana tare, hayaniya ce. Idan suka rera tare, kowa da muryarsa, saurayi da siririyar murya, tsoho da kakkaura, sai ka ji tsoron wannan da dariyar wancan da ruɗewar na uku a cikin numfashi ɗaya, kuma wannan shi ne ainihin halin da ake ciki a ɗakin da kowa ya san wani ɓangare na gaskiya, babu wanda ya san dukanta.

Ka sake kallon ƙarshen kashi na farko na Wanzamin Sebiya. Lokacin da shugaban masu tsaro ya sara wa sojan da ya zo kamawa, kiɗan yakan lafa kusan ɗif, Rosina ta fara a hankali tana cewa ta sandare kamar gunki, sauran su bi ta ɗaya bayan ɗaya da kalmomi iri ɗaya, Figaro kuma yana gefe yana nuna Bartolo da ya buɗe baki ya kasa motsi. Daga nan sai kiɗan ya ɓarke, dukansu suna cewa kawunansu sun zama kamar maƙera, guduma na dukan uwar maƙera ba ƙaƙƙautawa. Rosini ya shahara da wata dabara ta ɗaukar gajeren kiɗa ya yi ta maimaita shi, kowane zagaye yana ƙara kayan kiɗa da ƙarfin sauti har sai ya cika ɗakin. Da ita ya gina waƙar Basiliyo a kan ƙazafi, inda malamin ke bayyana yadda ɓata suna ke farawa kamar iska mai laushi, ya bi kunne zuwa kunne, har ya fashe kamar igwa. Ko ba ka jin Italiyanci, kiɗan da kansa ya riga ya gaya maka yadda tsegumi ke girma.

Tambaya: Malam, na ji an ce ranar da aka fara nuna wannan wasa jama'a ihu suka yi masa. Gaskiya ne? Kuma idan ina so in kalle shi cikakke, ta ina zan fara?

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Daren farko a gidan wasa mai suna Arjantina da ke Rum bai yi daɗi ba, 'yan kallo sun yi ta ihu da fito. Babban dalili shi ne, wani dattijon mai tsara kiɗa da ake girmamawa, Jobanni Faiziyello, ya riga ya yi opera a kan wannan labari tun 1782, magoya bayansa kuma suna ganin rashin kunya ne yaro ya taɓa abin da babba ya yi. Rosini a lokacin yana da shekara 23, saura kwana tara ya cika 24, domin an haife shi ne ranar 29 ga Fabrairu, 1792. Ya yi ƙoƙarin kauce wa rigimar ta hanyar sa wa wasan suna Almabiba, ko Rigakafin Banza, amma hakan bai hana ba. A nuni na biyu jama'a suka saurara da kyau suka yaba, daga baya sunan Wanzamin Sebiya ya koma kansa, na Faiziyello kuma ya ja baya. Ya kammala aikin ne cikin ƙasa da mako uku, kuma kiɗan buɗe wasan da ake ji a yau aro ya yi daga wata opera tasa ta 1813.

Game da kallo, ka nemi sunansa na Italiyanci, Il barbiere di Siviglia, ka zaɓi wanda aka ɗauka a kan dandamali mai ɗauke da fassara a harshen da kake ji. Kashi biyu ne, tsawonsa ya kai kimanin awa biyu da rabi, saboda haka babu laifi ka raba shi zama biyu, ka tsaya inda labule ya sauka bayan rigimar soja. Ka karanta labarin tukuna, domin sanin ƙarshensa ba ya rage komai. Idan ka zo wurin da Figaro ke lallashin Rosina ta rubuta wa Lindoro ko da layi biyu ne, ka sa ido a kanta sosai: za ta sunkuyar da kai ta ce kunya take ji, ya matsa mata, sai ta sa hannu ta zaro wasiƙar da ta riga ta rubuta tun kafin ya shigo, ta miƙa masa.